Wane layi ne ya fi saurin intanet a yankin Talata Mafara?

MTN ne ya fi yawan masu amfani da layi a Najeriya, Airtel na bi masa, sai Glo. Amma girman kamfani ba shi ke yanke hukunci a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ba.

Abubuwa uku ne ke kawo sauri: kusanci da turken sabis, yawan mutanen da ke kansa, da irin wayar da ke hannu. Ranar Talata, idan kasuwar Mafara ta cika, masu POS da 'yan kasuwa duk kan turaku ɗaya suke rububi, sai data ta ja ƙafa. Wayar da ba ta ɗaukar 4G kuwa, ko a gindin turke take ba za ta yi gudu ba.

Tsaro ma na da tasiri. A Satumban 2021 an katse sabis saboda matsalar tsaro a faɗin jihar Zamfara, har da Talata Mafara, kowane layi ya yi shiru.

Tun 2013 hukumar sadarwa ta NCC ta ba da damar sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba. Kafin ka sayi datar wata, gwada ta kwana ɗaya a gidanka da wurin sana'arka.