Yadda Ake Raya Tsohuwar Tirelar Airstream

A ƙasar Amurka akwai wata irin tirela mai ƙirar alminiyom, wadda matafiya ke ɗaura wa mota su ja, su kwana a cikinta, su yi girki, kuma mafi shahara cikinsu ita ce Airstream, wadda Wally Byam ya assasa kamfaninta, mutumin da ya jagoranci ayarin irin waɗannan tireloli daga Cape Town zuwa Alƙahira a shekarar 1959. Kamfanin yana Jackson Center ta jihar Ohio har yau.

Wanda ya sayi tsohuwa da niyyar raya ta, lalle ne ya san cewa zahirinta yana yaudara, domin alminiyom ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, alhali kuwa ruwan da ya daɗe yana kurɗawa ta gefen tagogi da mahaɗar ƙusoshi ya riga ya ruɓar da katakon daɓe, ya kuma cinye ƙarfen da ke ɗauke da ita daga ƙasa. Saboda haka ƙwararru sukan kwance jikin baki ɗaya, su ɗaga shi sama, su yi wa ƙarfen walda da fenti, su shimfiɗa sabon katako, sa'an nan su sauke jikin bisa mazauninsa, su sabunta wayoyin lantarki da bututun gas, waɗanda barin tsofaffinsu ganganci ne.

Goge jikin har ya zama tamkar madubi shi ne aiki na ƙarshe, ko da yake galibin masu sha'awa, don ɗoki, da shi suke son farawa.