Sanƙarau da Allurar Rigakafin Kyauta

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Nau'insa da ke zama annoba a Arewa wata ƙwayar bakteriya ce ke haddasa shi, wadda kan zauna a maƙogwaron mutum yana harkokinsa lafiya lau, ya yaɗa ta ta hanyar tari da atishawa.

Jihar Jigawa tana cikin yankin sanƙarau na Afirka, wanda ya tashi daga Senegal har Habasha. Cutar takan kunno kai da hunturu, ta yi tsanani da bazara, ta lafa idan damina ta sauka. Ƙura da busasshiyar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso kuma a ɗakin da ba taga, ko a makarantar kwana da tsangaya, yana sauƙaƙa yaɗuwarta. Shi ya sa ta fi kama yara da matasa.

Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, amai da sanƙarewar wuya. Jariri kuwa maɗigarsa ce kan kumbura, ya ƙi nono. Tana iya kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma yana iya kurmancewa. Ɗaukar ta a matsayin maleriya ko iskokai, a tsaya jiƙe-jiƙe, shi ne babban kuskure; gaggawar zuwa asibiti, irin Babban Asibitin Kazaure, ita ce mafita.

A annobar 1996 sama da mutum 11,000 suka rasu a Najeriya. Nau'in A na ƙwayar cutar ne ya yi ɓarnar, allurar MenAfriVac da ta iso ƙasar a 2011 kuma ta karya lagonsa. Sai nau'in C ya maye gurbi, ya addabi Zamfara da Sakkwato a 2017. A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar: A, C, W, X da Y. Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su, ga 'yan shekara 1 zuwa 29, da tallafin ƙungiyar Gavi.

Ko a garuruwan Jigawa irin su Achilafiya, Roni, Gwiwa ko Babura, allurar gwamnati kyauta ce. Jariri yakan karɓi ta sanƙarau yana wata tara, tare da ta ƙyanda. Wanda aka yi wa ta nau'in A kaɗai yana buƙatar sabuwar idan masu rigakafi sun zo gari.