Toshewar masai: Abin da magidanci zai iya yi kafin ya kira mai gyara

A unguwannin birnin Sakkwato irin su Arkilla da Mabera da Runjin Sambo, masai na zamani mai aiki da ruwa yana ƙara maye gurbin shadda ta gargajiya. Sai dai ya zo da wata matsala da shadda ba ta da ita, wato toshewa.

Shadda rami ce kawai, duk abin da aka jefa ya tafi ƙasa. Shi kuwa masan tangaran, a ƙarƙashinsa akwai wata lanƙwasa mai riƙe ruwa domin hana wari dawowa, daga nan sai bututu, galibi mai faɗin inci 4, ya kai ƙazanta zuwa rami. A wannan lanƙwasa akasarin toshewa ke faruwa.

Babban dalili a gari kamar Sakkwato shi ne ƙarancin ruwa. An ƙera irin wannan masai ne domin a sakar masa kimanin lita 6 ko fiye a lokaci guda, alhali buta ba ta wuce lita 2 ba. A gidan da famfo ba ya zuwa, ana sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa, ba abin mamaki ba ne a riƙa tsimi. To amma ruwan buta ya isa tsarki ne kawai, bai isa kora ba.

Sauran dalilan su ne ledar ruwan sha, da ƙunzugun jarirai na zamani, da audugar mata, da tsumma, waɗanda ba sa narkewa a cikin ruwa.

Idan ruwa ya taso ya ƙi tafiya, kada a ƙara sakin wani, domin zai malalo ne a ƙasa. A sa safar hannu ta roba, a kuma sauya tufafi, tun da najasa kan fantsama, kada ta taɓa kayan salla. Sannan a kwashe ruwan ya koma kamar rabi.

A zuba sabulun ruwa, a bi shi da bokitin ruwan zafi, a bari kamar minti 20. Kada ruwan ya zama tafasasshe, yana iya tsaga tangaran. Sau da yawa wannan kaɗai kan wadatar.

Idan bai yi ba, sai a nemi robar nan mai kama da ƙoƙo da doguwar mariƙa, wadda masu sayar da kayan famfo ke ajiyewa. A nan ne mutane da dama ke kuskure. Dole robar ta nutse cikin ruwa, ta kuma rufe bakin ramin ruf, saboda ƙarfin ruwa ne ke motsa abin da ya maƙale, ba iska ba. A danna a hankali da farko, sannan a riƙa dannawa ana ja da ƙarfi sau 15 zuwa 20. Jan ya fi dannawar amfani, musamman idan leda ce, domin fito da ita ya fi tura ta ciki alheri. A gwada da rabin bokiti kafin a saki ruwa gaba ɗaya.

Kada a soka rodi ko sanda. Kada kuma a bi shawarar masu cewa a zuba ruwan batir, wanda ke ƙona fata da ido, idan kuma ya haɗu da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, sai ya fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Ga shi kuma ba ya narkar da leda.

Akwai lokacin da ya kamata magidanci ya janye hannunsa. Idan duk bandakunan gidan suka toshe tare, ko ruwa na dawowa ta magudanar wanka, ko wari na tashi daga tsakar gida, to ramin ne ya cika, abin da kan fi faruwa da damina. Wannan aikin masu yashe rami ne. Kada a tura yaro ko almajiri ciki, domin iskar da ke taruwa a can tana iya sumar da mutum nan take, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Barin masai a toshe kuwa ba ƙaramin haɗari ba ne, don yara kan koma tsugunawa a bayan gida ko bakin kwata. Ta haka kwalara ke samun hanya. A shekarar 2021 hukumar NCDC ta ce fiye da mutum 100,000 ne ake zargin sun kamu da cutar a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Bayan an gama gyara, a wanke ƙasa da robar da ruwan bilic, a wanke hannu da sabulu, sannan a ajiye bokiti cike da ruwa da kwandon shara mai murfi a gefen masan.