Kisan Sir Harry Oakes a Bahamas, 1943: Dukiya, Launin Fata da Shari'a a Ƙarƙashin Mulkin Mallaka

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba wani kisan kai da aka yi a tsibiran Bahamas, kusa da gaɓar Amurka, lokacin suna hannun Ingila, wanda har yau ba a tabbatar da wanda ya aikata shi ba. Ba mu nufin fallasa mai laifi. Abin da muke son nunawa shi ne, tsarin zaman jama'ar wurin ne ya zaɓi wanda za a tuhuma da wanda ba za a taɓa ba, kuma ta nan ne gaskiya ta salwanta.

2.0 Mamacin da Iyalinsa

An haifi Harry Oakes a Amurka a 1874. Ya sami dukiyarsa daga ma'adinin zinariya na Lake Shore da ke Kanada, sa'an nan ya ƙaura zuwa Nassau, babban birnin Bahamas, don gudun haraji. A 1939 Sarkin Ingila ya ba shi muƙamin Sir na gado. A 1942 babbar 'yarsa Nancy, tana cika shekara 18, ta auri Alfred de Marigny a ɓoye, ba da sanin iyayenta ba. Shi wannan mutum baƙo ne daga tsibirin Mauritius, ya girme ta nesa, ya kuma yi aure sau biyu ya rabu kafin nan. Tun daga lokacin ba a ga maciji tsakaninsa da surukinsa.

A safiyar 8 ga Yuli, 1943, aka sami gawar Oakes a kan gadonsa, da raunuka huɗu kusa da kunnensa na hagu, an cinna wa gawar wuta, gashin tsuntsu na matashin kai ya manne a jikinta. Wanda ya fara ganinta shi ne amininsa Harold Christie, babban dillalin filaye, wanda ya kwana a gidan a daren.

3.0 Yanayin Ƙasar

Kafin mu fahimci abin da ya biyo baya, wajibi ne mu san yadda ƙasar take. Mafi yawan mutanen Bahamas baƙar fata ne, jikokin bayi, amma ciniki da majalisar dokoki suna hannun 'yan tsirarun attajirai farar fata na titin Bay, kuma Christie ɗaya ne daga cikinsu. A watan Yuni na 1942 leburori baƙar fata masu aikin filin jirgin sama sun yi bore, saboda ana biyansu sule 4 a rana alhali Amurkawan da suke aiki tare suna karɓar ninkin-ba-ninkin haka. An rasa rayuka a wannan tarzoma. Gwamnan ƙasar kuwa shi ne Duke na Windsor, wato Sarki Edward VIII wanda ya yi murabus a 1936.

Ke nan hukuma tana tsakanin tsoro biyu. In aka ɗora laifin a kan baƙar fata, wutar da ba ta gama mutuwa ba za ta iya tashi. In kuwa aka waiwayi mutanen titin Bay, to, an taɓa ginshiƙin mulkin kansa. A ganinmu, de Marigny ne kaɗai za a iya kamawa ba tare da wani ɓangare ya motsa ba: ba baƙar fata ba ne, ba kuma ɗan gida ba ne, sannan manyan gari da Gwamna ba su ƙaunarsa.

4.0 Bincike da Shari'a

Maimakon ya bar aikin ga 'yan sandan ƙasar ko ya nemi ƙwararru daga Landan, sai Gwamna ya kirawo 'yan sanda biyu daga Miami ta Amurka, Melchen da Barker. Kashegari aka kama de Marigny. Hujjarsu ita ce gabar da ke tsakaninsa da mamacin, da gashin hannunsa da ya babbake, da kuma shatin yatsansa da Barker ya ce ya ɗauko daga wani allon kariya mai naɗewa a ɗakin kwanan.

An fara shari'a a watan Oktoba. De Marigny ya ce gashinsa ya ƙone ne wajen kunna fitila ga baƙinsa. Lauyoyinsa, Higgs da Callender, suka nuna cewa Barker bai ɗauki hoton shatin a inda ya ce ya same shi ba, kuma babu alamar zanen allon a bayansa, abin da ya sa aka yi zargin cewa daga wani abu dabam aka ɗauko shi. Bugu da ƙari, wani jami'in 'yan sanda mai suna Sears ya shaida cewa ya ga Christie cikin mota a gari da tsakar dare, alhali Christie ya ce bai fita daga gidan ba. Ba a bi diddigin wannan saɓani ba. Daga cikin mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci, 9 suka wanke de Marigny, amma aka haɗa da shawarar a kore shi daga ƙasar. Aka kuwa kore shi. Wato wanda kotu ta ce ba shi da laifi, shi ne ya ɗanɗana hukunci. Daga nan hukuma ba ta sake gurfanar da kowa ba.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa sirrin aure da rikicin gida sun ba da wanda za a zarga, dukiya ta kāre wanda ya kamata a ƙara yi wa tambaya, tsoron boren baƙar fata kuma ya sa aka yi gaggawa. Wannan ba ya nufin Christie ne ya yi kisan, domin ba a taɓa tuhumarsa ba, ya ma sami muƙamin Sir kafin rasuwarsa a 1973, shekarar da Bahamas ta sami mulkin kai. Darasin da ke nan ga masu nazarin tarihi shi ne, in za mu karanta takardun kotunan zamanin Turawa, kada mu tsaya ga tambayoyin da aka yi kurum. Mu lura da waɗanda aka ƙi yi, da kuma wanda ƙin yin su ya amfana.