NEMAN IZINI KAFIN EKKLESIYA TA FITA SHAƘATAWA

Yau za mu yi magana a kan wani abu da ke zuwa mana kowace shekara, wato fitar da ƙungiyoyin ekklesiya sukan yi domin shan iska da cin abinci tare. A Litinin ɗin Ista, wadda wasu ke kira zuwa Galili, da kuma ranar 26 ga Disamba, Zumuntar Mata da matasa da yaran Makarantar Lahadi sukan ɗauki tabarmi da kula da ganguna su nufi wani fili. Ga 'yan'uwanmu masu aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa, waɗanda ba su da hutu sai Lahadi da ranakun hutun gwamnati, wannan rana tana da tsada ƙwarai. Abin baƙin ciki ne a tara kuɗi, a yi hayar mota, a dafa shinkafa tun asuba, sa'an nan mai gadi ya tsare mu a bakin ƙofa da yara hamsin cikin rana, domin ba wanda ya sanar da zuwanmu.

Ƙofofi biyu ne ya kamata mu ƙwanƙwasa, kuma kowace da irin sallamarta. Ta fari, ƙofar mai wuri, a nan izini muke nema. Ta biyu, ƙofar 'yan sanda, a nan sanarwa muke kaiwa.

Bari mu fara da mai wuri. Babu filin da ba shi da mai shi. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sa kula da lambuna da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Bompai tana cikin ƙaramar hukumar Nassarawa, Chalawa kuwa tana cikin Kumbotso. Saboda haka idan filin unguwa ne, sai a gai da mai unguwa, sa'an nan a tambaya a sakatariyar ƙaramar hukuma ko wane ofishi ne ke riƙe da wurin. Wasu wuraren kuma a hannun gwamnatin jiha suke. Misali shi ne Gidan Zu, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Akwai hukumar jiha mai kula da shi, kuma ofishin manajan wurin ne za a kai wa takarda. Wuraren wasan yara na 'yan kasuwa da filayen makarantu da na kulob kuwa, mai wurin ko shugaban makarantar ne ke da ikon cewa i ko a'a.

Takardar neman izini ba ta bukatar dogon Turanci. Magatakarda ya rubuta ta a kan takarda mai kan sunan ekklesiya, Fasto ya sa hannu. A faɗi rana, da lokacin zuwa da na tashi, da yawan manya da yawan yara, da sunan wanda zai shugabanci tafiyar. A faɗi gaskiya a kan abin da za a yi. In za a yi waƙoƙi da ganguna ko za a kawo lasifika da janareta, a rubuta. In za a hura wuta a dafa abinci a can, a rubuta. Yawancin rigimar da ke tashi a irin wannan rana daga abin da aka ɓoye take fitowa. A kai takardar kamar mako biyu ko uku kafin ranar, a yi kwafi biyu, a roƙi ofishin ya buga hatimi a kan ɗaya a dawo da shi. Kowane kuɗi aka biya, ma'aji ya karɓi rasit. Ranar tafiya, takardar da rasit su kasance a aljihun shugaban tafiya. Alkawarin baki yakan bi mai shi gida in ya tashi daga aiki, amma hatimi yana nan.

Yanzu sai ƙofa ta biyu. Mutane da yawa suna tsammani dole ne a sami lasin daga 'yan sanda kafin jama'a su taru. Haka aka saba a dā ƙarƙashin dokar kiyaye zaman lafiya ta 1979. Amma sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taruwa da wasu cikin lumana, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci cewa tilasta wa mutane neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa idan aka sanar da su taro ko jerin gwano a wurin jama'a, aikinsu ne su ba da tsaro.

To, tun da ba dole ba ne, don me za mu je? Domin mun san garin da muke ciki. Ranar 20 ga Janairu 2012 an kai hare-hare a Kano, har da hedkwatar 'yan sanda da ke Bompai, mutane da yawa suka rasa rayukansu. Tun daga lokacin jami'an tsaro suna sa ido a kan kowane taro. Kuma wani lokaci akan hana taro baki ɗaya, kamar yadda aka hana hawan Babbar Sallah a Kano a 2024 saboda tsaro. Idan dattijo ɗaya ya kai kwafin takardarmu ga baturen 'yan sanda na yankin, za a gaya masa ko akwai wani umarni a ƙasa, kuma ba wanda zai ga motocinmu ya yi zaton wani abu dabam. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai gargaɗi na musamman ga mazauna unguwannin masana'antu. Kamfanoni da yawa sun rufe, harabarsu ta zama kamar fili mai inuwa. Kada mu shiga, gama suna da masu su, kuma akwai ramuka da tsofaffin ƙarafa da macizai. Haka kuma bakin rafi. Ruwan dattin majemu da masaƙu na Sharaɗa da Chalawa yana gangarawa Kogin Chalawa, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi zuwa Jakara. Ba wurin wasan yara ba ne, ko da ba wanda ya hana. Masu son zuwa madatsar ruwa ta Tiga su nemi izinin masu kula da ita, kuma kada a bar yaro ya kusanci ruwa.

Izini kuma amana ce. In an ce mu tashi ƙarfe biyar, mu tashi. In maƙwabta sun kira sallah, mu sassauta ganga da lasifika. A raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da malami mai riƙe da sunayensu, a ƙirga su wajen shiga mota da wajen sauka. Ista tana faɗowa cikin Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Kano yakan kai digiri 40, saboda haka ruwan sha ya fi lemo muhimmanci. Kafin mu tafi mu tsince leda da ƙasusuwa, mu kashe wuta, mu yi wa masu gadi godiya. Yadda muka bar wurin shi ne zai buɗe ko ya rufe ƙofa ga ekklesiyar da za ta zo bayanmu.

Dattawa da shugabannin ƙungiyoyi, ku sa wannan magana cikin taronku na gaba, ku zaɓi mutum ɗaya da zai ɗauki takardar tun da wuri. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu da yaranmu lafiya. Amin.