Za Ki Ƙetara Benin Ta Bagudo? Ga Abin Da Ya Kamata Baƙuwa Ta Sani

Mata da yawa hidima kan kai su Jamhuriyar Benin ta ɓangaren Bagudo a Jihar Kebbi: wata kai amarya, wata suna ko ta'aziyya, wata kuma sarin kaya. Daga Tsamiya a faɗa Segbana, daga Lolo a nufi Madekali da Malanbil. Tafiyar ba ta da nisa, amma Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Duk abin da kika yi a can ba sunanki za a kira ba, cewa za a yi haka matan Hausawa suke. Don haka akwai buƙatar ki san yadda za ki mutunta mutanen gari ba tare da kin taɓa addininki ba.

Su wane ne mutanen?

Iyakar nan ba ta daɗe ba. A 1898 ne Turawan Ingila da na Faransa suka raba ƙasar Bargu gida biyu, shi ya sa har gobe za ki ga dangi ɗaya, rabi a Illo ko Ka'oje, rabi a ƙetare. Tun kafin haka fataken Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro suke ratsawa ta Nikki da Zugu, suna yada zango. A arewacin ƙasar za ki haɗu da Dandawa, waɗanda harshensu ɗan'uwan Zabarmanci ne, da Bargawa, da Fulani, da 'yan ƙabilar Boko dangin Busawa. Yawancinsu Musulmi ne, kuma Hausa za ta fisshe ki a kasuwa.

Idan kika wuce Faraku kika gangara kudu zuwa Kwatano, labari ya canza. Can ƙasar Fon ce da Yarabawa da sauransu. Ƙidayar 2013 ta nuna Musulmi kusan kashi 28 ne cikin 100 na mutanen ƙasar, saura Kiristoci ne da masu addinin gargajiya irin su Bodun, wanda har hutu gwamnati ke bayarwa dominsa a watan Janairu. Harshen hukuma kuwa Faransanci ne.

Gaisuwa ita ce mabuɗi

Kada ki shiga gida ko shago ki fara da buƙatarki. Ki gaisa tukuna, ki tambayi gida da yara da gajiya. Bargawa na rusunawa sosai idan za su gai da babba, saboda haka ki rage tsawo a gaban dattijai kamar yadda aka koya miki a gida. Ki riƙe 'yan kalmomi: "bonju" da safe, "bonsuwar" da yamma, "marsi" don godiya. Ko kin karya harshen, daɗi za su ji. Bayarwa da karɓa duk da hannun dama. Idan namiji ya miƙo miki hannu, musamman a kudu inda hakan ba komai ba ne a wurinsu, ki ɗora hannunki a ƙirji ki amsa da sakin fuska. Ba sai kin tsuke baki ko kin ja tsaki ba.

Ruwa da abinci

Abu na farko da ake tarar baƙo da shi ruwa ne. Ki karɓa, ko kurɓa ɗaya ki yi, domin ƙin karɓa kamar ƙin mai gida ne. A wasu gidajen kudu za ki ga an zuba ɗan ruwa a ƙasa don kakanni. Wannan nasu ne. Ke ki yi bismilla ki sha, kada ki tanka.

A arewa za ki more sakwara da wagashi, wato cukun Fulani da ake rina bayansa ja da karan dafi. Amma ki buɗe ido: akwai cukutu, burkutu ce ta dawa da ake sha a ƙwarya, a kudu kuma akwai sodabi, giyar da ake yi daga bammi, fara tas kamar ruwa. Ki ja kunnen yara kada su ɗauki kofin da ba ke kika ba su ba. Haka nan naman alade ana sayar da shi a fili a garuruwan kudu. Ki tambaya kafin ki ci, ko ki nemi unguwar Zango a Kwatano, inda mahauta Musulmi da masallatai suke. Idan an ba ki abin da bai halatta gare ki ba, "na gode, addinina bai yarda ba" ta wadatar.

Abin da ido ya gani

A garin Wida akwai ɗakin da ake girmama mesa, kuma kashe ta babban laifi ne a wurin mutanen. A ƙasar Fon da Yarabawa za ki iya ganin mace ta soke 'yar tsana ta icce a zanenta. Alama ce ta ɗan tagwayenta da ya rasu. Uwa ce irinki mai ciwon rashi, don haka kada ki bar yaro ya yi dariya ko ya kai hannu. Akwai kuma dodannin Zangbeto masu rufin ciyawa da ke gadin dare, da Oro wanda aka hana mata gani. Idan masu masauki suka ce yau ba a fita, ki zauna a ɗaki. Ba imani kika yi da abin ba, kare kanki kika yi. Kada kuma ki ɗaga waya ki ɗauki hoton mutum ko wurin ibadarsa sai da izini. Idan tafiyarki ta dace da lokacin Mauludi, bikin Gani na Nikki da hawan dawakinsa zai tuna miki da hawan salla na gida.

Kuɗi da hanya

Sefa ake kashewa, kuma lissafinta na ruɗa baƙuwa. Masu Hausa a kasuwannin sefa kan ƙirga da dala, wato sefa 5. Idan an ce miki "ashirin", sefa 100 ake nufi. "Ɗari" sefa 500. "Jaka" sefa 1,000. Ki ce a nuna miki a rubuce kafin ki biya. Ciniki al'ada ce, amma kushe kayan mutum don a rage miki ba ɗabi'ar kirki ba ce.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ki damar zama har kwana 90 ba biza, amma ki riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara, naki da na yara. Ki bi mashigar hukuma, kuma ki bincika ko a buɗe take, tunda an taɓa rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Kada ki karɓi saƙon da ba ki ga cikinsa ba. Tun 2021 ake samun hare-haren 'yan bindiga a arewacin Benin, musamman wajen gandun dajin W, saboda haka tafiyar rana ta fi, tare da maigida ko muharraminki.

Daga ƙarshe 'yar'uwa, kada ki je hannu rabbana. Goro, turaren wuta ko turmin atamfa ga uwargidan da ta sauke ki na ƙulla zumuncin da 'ya'yanki za su gada. Ki tsare sallarki da suturarki, ki kame bakinki daga aibata abin da kika tarar. Wata ba ta taɓa zama da Bahaushiya ba sai ke, kuma da halinki za ta auna sauran. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya.