Shin Gaskiya Ne Kwamfuta Ce Ke Ƙera Mota?

Tambaya: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, ya rubuto yana cewa ya ji wai kwamfuta ce ke ƙera motocin zamani. Gaskiya ne? Kuma me ya sa bakanike ke cewa sai an jona wa mota na'ura kafin a gano ciwonta?

Amsa: To malam, mutane ne ke ƙera mota, amma kwamfuta ta ɗauke musu babban aiki tun kafin a yanka ƙarfe.

A da, injiniyoyi da hannu suke zana mota a manyan takardu, a sassaƙa siffarta da yumɓu ko katako, sannan a ƙera 'yan ƙwayoyi na gwaji. In aka ga kuskure, sai a koma baya, ga ɓata lokaci, ga asarar kuɗi. A 1964 kamfanin General Motors na Amurka da kamfanin IBM suka nuna wata na'ura ta zana mota. A Faransa kuma, wani injiniyan kamfanin Renault, Pierre Bézier, ya fito da lissafin da kwamfuta ke bi ta zana lanƙwasar jikin mota daidai wa daida.

Daga zane sai aka kai ga gwaji. A 1986 aka gwada karon mota ƙirar Volkswagen Polo a cikin kwamfuta, lissafin ya ɗauki dare guda. Wato ana ganin inda ƙarfe zai lotsa, a ƙarfafa wurin, ba tare da an farfasa motoci da yawa ba. Duk da haka, ana yin karon gaske kafin a kai mota kasuwa.

Sai batun bakanike. Motar zamani tana ɗauke da 'yar kwamfutarta, wadda ke auna man da za ta ba inji da lokacin tashin wutar fulogi. Tun 1996 doka ta wajabta wa sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da kafar jona na'urar bincike iri ɗaya. Shi ya sa ba a gyara su da kunne kawai, yadda ake yi wa Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna.

Saboda haka, in za ka sayi mota ta hannu, kada kyan fenti ya ruɗe ka. A jona mata na'ura a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.